Martani Ga Mai Cewa A Je Disney Da Kular Shinkafa

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya, inda yake bai wa magidanta shawara kan cin abinci idan sun kai iyali hutu Walt Disney World, wato rukunin wuraren wasannin nan da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka. A taƙaice, wannan Malamin yana ganin abincin cikin wurin tsada ce tsagwaronta kuma babu daɗi, Musulmi ba shi da tabbacin halaccinsa, saboda haka neman gidan abinci mai kyau a can ɓata lokaci ne. Mafita a wurinsa ita ce a kama gidan haya mai kicin, a yi girki da asuba, a cika kuloli a shiga da su, ko kuma a fito da azahar a koma masauki a ci. Har ya ƙara da cewa wanda zai taso daga gida ya yo guzurin kilishi da dambun nama, ya huta da kashe dala.

Rubutun ya samu karɓuwa, kuma ban yi mamaki ba. Duk magidancin da ya taɓa canza kuɗin ƙasarsa zuwa dala zai ji maganar ta kwanta masa. Sai dai shawarar tana da ramuka. Wani ramin na asarar kuɗi ne, wani na lafiya, babban cikinsu kuwa shi ne Malam ya lissafa komai da komai amma bai sa wahalar mai girkin a lissafin ba.

Kafin na shiga inda muka saɓa, bari na ba shi gaskiyarsa. Tsada kam akwai ta. Gorar ruwan da za ka saya a kantin gari, a ciki sai ka biya ninkinta biyu ko uku. A gidajen abincin da ake zama a kawo maka, bayan kuɗin abinci da haraji akwai tukwicin ma'aikaci, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kuma idan kun kai mutum shida ana ɗora kashi 18 a kan takardar kuɗin kai tsaye. Iyalin Bahaushe kuwa da wuya su gaza shida. Sannan duk yaron da ya kai shekara 10 babba ne a lissafinsu, a tikiti da kuma a teburin ci-ka-ƙoshi. Akwai kuma tsarin biyan kuɗin abinci a dunƙule da suke sayar wa masu kwana a otel-otel ɗinsu, wanda ya dawo a watan Janairun 2024. A cikin farashinsa har da damar zaɓen giya ga wanda ya kai shekara 21, don haka wanda ba ya sha yana biyan abin da ba zai taɓa ba. Haka nan karin kumallon da ake yi tare da masu shigar Mickey da abokansa a wurare irin su Chef Mickey's: kuɗi mai yawa, alhali naman da aka fi jerawa a irin wannan kari na Amurkawa na alade ne. Duk waɗannan na yarda da Malam a kansu. Na kuma yarda cewa Disney ba ta hana shiga da abinci ba. Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne da ya ɗauki waɗannan misalai ya yanke wa dukkan wurin hukunci ɗaya.

Mu fara da guzurin kilishi, domin shi ne ɓangaren da zai iya jefa mutum cikin matsala tun bai ga ƙofar Disney ba. Amurka ba ta barin matafiyi ya shigo da nama daga ƙasashen da ake samun ciwon baki da kofato na dabbobi, wanda makiyaya ke kira boru, kuma ƙasashenmu suna cikin wannan sahu. Rabon Amurka da wannan ciwo tun 1929, shi ya sa ba sa wasa da maganar. Busar da naman ko dake shi ba ya fitar da shi daga dokar. A filayen jirginsu akwai ƙananan karnuka da aka horar musamman don sansano nama da 'ya'yan itace a cikin jaka. Idan mutum ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da nama, za a karɓe a lalata, ya wuce. Idan ya ɓoye aka gano, tara ce ta ɗaruruwan dala. To ina arahar? Wanda ya bai wa jama'a wannan shawara ba tare da ambaton kwastan ba, bai yi musu adalci ba. Wanda yake zaune a cikin Amurka ne kaɗai, ya sayi namansa a can, zai iya yin dambunsa ya taho da shi.

Sai maganar kula. Dokar Disney a bayyane take: ana shiga da abinci da abin sha maras giya, amma ban da kwalba, ban da abin da ke buƙatar ɗumamawa ko firji, ban da mai ƙarfin wari. Akwatin sanyi yana da iyakar girma. Tun 2019 an hana shiga da ƙanƙara a warwatse, an hana amalanken jan yara, an kuma ƙayyade girman keken jarirai. Ma'ana duk abin da ka ɗauko, ko a bayanka ko a ƙarƙashin keken jariri, sai kuwa ka biya kuɗin akwatin ajiya a bakin ƙofa ka riƙa dawowa. Mutum yakan taka kilomita goma ko fiye a yini guda a waɗannan wurare. Malam ya gwada wannan tafiya da kular shinkafar mutum bakwai da cokula da farantai, a watan Yuli, sannan ya dawo mu yi magana. Idan kuma iyali sun tsallaka Universal, wani rukunin wuraren wasa da shi ma a Orlando yake, dokarsu ta fi tsanani: ruwan gora da ɗan abin taɓawa da abincin jarirai ko na masu larura kawai ake bari, babban akwatin sanyi ba ya shiga.

Ga kuma yanayin garin. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da yara suke dogon hutu, zafin Orlando yakan kai digiri 33, da gumi mai nauyi irin na bakin teku, sannan hadari da tsawa kusan kowace yamma. Ƙa'idar Ma'aikatar Noma ta Amurka ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Shinkafa tana da nata haɗarin na musamman, domin akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe irinta, kuma da zarar shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba. Kula mai kyau tana riƙe zafi na wasu awanni, wannan gaskiya ne. Amma abin da aka sauke ƙarfe biyar na asuba, aka buɗe wa ƙaramin yaro da hantsi, aka sake buɗewa ƙarfe biyu na rana, ya daɗe da fita daga kariya. Amai da gudawa a ƙasar da ganin likita kaɗai zai iya cinye kuɗin abincin mako guda ba abin da za a yi caca da shi ba ne.

Malam zai ce ai shi ya sa ya kawo hanya ta biyu, a fito da azahar a koma gida a ci. Wannan magana ta nuna bai yi la'akari da girman wurin ba. Walt Disney World ya kai faɗin murabba'in kilomita 100, da wuraren wasa huɗu a ciki: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Ɗauki Magic Kingdom, inda iyalai masu ƙananan yara suka fi zuwa. Wurin ajiye motoci ba a bakin ƙofa yake ba, akwai tafki a tsakani. Idan ka fito sai ka bi layin jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya, ka sauka a tasha, ka hau motar da za ta kai ka layin da ka yi fakin, sannan ka tuƙa zuwa Kissimmee inda gidajen haya suka fi yawa. Ka ci, ka tattara yara, ka sake bin wannan hanyar a juye, har da binciken jaka. Awa uku ta tafi, idan an yi sa'a.

Yanzu mu yi lissafin da Malam yake so. Tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, a ranakun cunkoso yana kaiwa wajen 200. Mu ƙaddara iyali mutum shida ne, kowa dala 150, wato dala 900 ke nan, kuma za su yi awa 12 a ciki. Kowace awa ta tashi a kan dala 75. Awa ukun da aka kashe a hanya ta cinye dala 225, kuɗin da ya fi ƙarfin abincin rana na mutum shida a gidan abincin gaggawa na cikin wurin. An sayi doki an tsaya ƙyashin kuɗin linzami. Ban da haka, duk wanda ya san yara ya san idan suka koma masauki suka ji sanyin ɗaki, sake fito da su sai an yi da gaske.

Mu zo kan abin da ya fi damuna. A duk tsawon rubutun, Malam yana cewa a dafa, a soya, a zuba, a wanke, bai taɓa faɗin wanda zai yi ba. Mun san amsar. Uwargida ce za ta tashi kafin kiran assalatu ta ɗora tukunya a kicin ɗin da ba ta san kansa ba, a kan murhun lantarkin da ba ta saba da shi ba, da tukwanen gidan haya da wuƙar da ba ta yanka albasa. Ita za ta shirya yara, ita za ta yini tana tafiya da goyo ko tura keke, sannan a dawo ƙarfe goma na dare ta tarar da wanke-wanke da tunanin abin da za a jiƙa na gobe. A gida tana iya samun mai taya ta aiki, ko ƙanwa, ko 'yar riƙo. A Orlando ita kaɗai ce. Maigida zai dawo yana ba da labarin yadda ya yi dabara ya rage ɗaruruwan dala, alhali kuɗin ba ɓacewa suka yi ba, wata ce ta biya su da barcinta da bayanta. Idan hutu na iyali ne, to ita ma iyali ce. Matar da ta shekara tana girki sau uku a rana ta cancanci mako guda da za ta zauna a kawo mata, ta ci, ta tashi ba tare da ta kalli kwano ba. In kuwa Malam ya ce shi zai riƙa yin girkin da wanke-wanken da kansa, to na janye wannan sakin layi, amma bai faɗa ba.

Batun halal shi ne hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa da kyau. Ba ni da ja cewa akwai tarko, har ma a inda mutum ba ya zato. A EPCOT akwai rumfunan ƙasashe 11 da suka kewaye tafki. A ɓangaren Ingila akwai wani shagon kifi da soyayyen dankali mai suna Yorkshire County Fish Shop. Musulmi zai ga kifi ya ce ya tsira, alhali ƙullin fulawar da ake tsoma kifin a ciki da giya ake dama shi. A ɓangaren Kanada, shahararriyar miyar cukun nan ta gidan Le Cellier akwai giya da naman alade a cikinta. A Boma, gidan ci-ka-ƙoshi mai abincin Afirka da ke otel ɗin Animal Kingdom Lodge, akwai wani ɗan kek mai zanen jakin dawa da kowa ke rububi, kuma da barasar Amarula ake haɗa shi. Alewa mai laushi da dangoginta sau da yawa da jelatin ake yin su, jelatin a Amurka kuwa galibi daga alade ne. Hatta ɓangaren Maroko, wanda aka buɗe a 1984, wanda Sarki Hassan na Biyu ya turo magina da masu zane daga ƙasarsa suka ƙawata shi, har da kwaikwayon hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marrakesh, ganin zanen Musulunci a bango ba shaida ba ce cewa naman yankan Musulmi ne. Ana ma sayar da giya a can.

To amma ta yaya aka san duk waɗannan? Ta hanyar tambaya, kuma an ba da amsa. A nan ne Malam ya kuskure hanya. Disney tana cikin wuraren da suka fi ɗaukar tambayar abinci da muhimmanci, saboda ɗimbin baƙinsu masu larurar da wani abinci ke iya kaiwa asibiti. Idan ka zauna a gidan abincin da ake kawo maka ka ce akwai abin da ba ka ci, sau da yawa mai dafa abincin ne da kansa zai fito da farar rigarsa ya tsaya a bakin teburinku. Za ka ce masa ba ku cin alade, ba ku cin abin da aka sa giya ko jelatin, kuma ba ku so a soya muku a man da aka soya nama. Zai bi jerin abincin da kai ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan babu komai, wancan miyarsa akwai ruwan inabi amma zan yi muku ba tare da ita ba. Idan ci-ka-ƙoshi ne, yakan zagaya da kai yana nuna maka kwanon da za ka ɗiba da wanda za ka tsallake. A gidajen gaggawa ma akwai jami'in da ake kira ya zo da kundin kayan haɗin kowane abinci ka duba da idonka. Wasu gidajen zama suna karɓar buƙatar naman halal idan an sanar da su tun kafin ranar. Kuma tun 2019 suka sa alamar koren ganye a kan abincin da babu nama, ƙwai, madara ko wani abin dabba a cikinsa, kala fiye da 400 a faɗin wurin. Wanda ya zaɓi mai koren ganye ya tsira daga alade da jelatin, saura kawai ya tambayi giya.

Malamai sun yi saɓani kan naman da ake yankawa a irin waɗannan ƙasashe, kuma ba ni da hurumin ba da fatawa, kowa ya bi wanda ya aminta da shi. Abin da nake cewa shi ne ko wanda ya ɗauki matsayi mafi tsauri, wanda ba zai ci nama ba sai ya tabbatar da mayankin, yana da kifi da jatan lande da wake da shinkafa da ganye da gurasa a gabansa. Mako ɗaya babu naman sa bai taɓa kashe kowa ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar ba ta cin ko sisi.

Da'awar cewa babu abinci mai daɗi, sai boga da soyayyen dankali, ita ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Irin wannan hukunci yakan fito ne daga wanda yunwa ta kama ƙarfe ɗaya na rana ya faɗa shagon da ya fi kusa. A Animal Kingdom akwai Satu'li Canteen, a ɓangaren Pandora da aka buɗe a 2017. Gidan gaggawa ne, amma kai za ka haɗa kwanonka: ka zaɓi shinkafa da wake ko taliya ko dankali, ka zaɓi jatan lande ko awara ko nama, ka zaɓi miya. A Magic Kingdom akwai Columbia Harbour House mai gasasshen kifi da shinkafa, kuma yana da bene da mutane da yawa ba sa lura da shi, inda ake samun tebur da sanyi da sauƙin hayaniya. Shi Magic Kingdom ma daga 1971 har zuwa 2012 ba a sayar da giya a cikinsa, kuma har yau gidajen gaggawarsa ba sa sayarwa. A EPCOT akwai Sunshine Seasons, wanda wani ɓangare na ganyen da yake amfani da shi daga lambun cikin ginin yake fitowa, lambun da yara za su iya zagayawa a kwalekwale su ga yadda ake noman tumatir da latas ba tare da ƙasa ba. Akwai kuma daskararren abarba na Dole Whip a shagon Aloha Isle da ke Magic Kingdom, babu madara a ciki, kuma yana kashe zafin rana.

Idan iyali suna son zama guda da za su daɗe suna tunawa, ga Sanaa a Kidani Village, wani sashe na Animal Kingdom Lodge. Ba a buƙatar tikitin shiga wurin wasa kafin a je. Abincinsa haɗin Gabashin Afirka ne da Indiya. Abin da ya fi suna da shi faranti ne na gurasa kala biyar da miyar dangwale kala tara, daga mai zaƙi zuwa mai yajin da zai sa Bakano ya gyara zama. Teburan suna fuskantar manyan tagogi, a bayansu kuma raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo. Yaron da ya ƙi zama wuri ɗaya tun safe zai manne da gilashi yana kallo, uwarsa ta samu ta ci abinci da hannu biyu. Malam ya ce yara lilo suka zo hawa ba cin abinci ba. Ni kuwa ina ganin awa ɗayan da iyali suka zauna a inuwa suna kallon juna, babu mai bin layi babu mai neman wani, tana cikin abin da aka biya kuɗin jirgi dominsa. Ga tsofaffi da masu ciwon suga da mata masu ciki, wannan zama na tsakar rana ma larura ce.

Gaskiyar da ta ɓuya wa Malam ita ce wurin cin abinci mai kyau a Disney ba a ranar ake nemansa ba, tun daga gida ake yi. Ana buɗe kama tebur kwana 60 kafin ranar, da misalin ƙarfe shida na safe agogon Fulorida, wato ƙarfe 11 na safe a Kano ko Damagaram a lokacin bazararsu, 12 na rana a lokacin sanyi. Gidajen da ake rububi suna cika da wuri, musamman teburin mutum shida zuwa sama. Idan ba a samu babba ba, a kama ƙanana biyu a lokaci guda a roƙi a haɗa su. A kula, idan an kama tebur ba a je ba kuma ba a soke ba, akwai tarar dala 10 a kan kowane mutum. Jerin abincin kowane gida da farashinsa yana cikin manhajar My Disney Experience, don haka uwargida da maigida za su iya zama a falonsu su tace tun kafin su ɗaura akwati. A gidajen gaggawa, ta cikin manhajar ake yin oda, a zaɓi lokaci, idan an iso a danna, a karɓa ba tare da dogon layi ba. A ci ƙarfe 11 ko bayan ƙarfe biyu, a kauce wa turmutsutsun tsakiya. Farantin manya yana da girma, yara biyu za su iya raba ɗaya. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ne a gidajen gaggawa idan an roƙa, don haka a zo da gorar roba a riƙa cikawa. Masu jarirai kuwa, kowane ɗaya daga wuraren huɗu yana da cibiyar kula da jarirai, da ɗakin shayarwa da na'urar ɗumama abinci.

Ban ce a rufe kicin ɗin gidan haya ba. A karya a gida: shayi, burodi, ƙwai, kunu idan an samu gari, abin da ba ya cin fiye da minti ashirin kuma kowa zai iya sa hannu. A zuba dabino da gyaɗa da cincin da ayaba a jaka saboda layi. A ci abinci ɗaya mai kyau a cikin wurin da tsakar rana. Naman da ake marmari kuma a bar shi sai dare ko ranar da ba a shiga wasa ba, domin Orlando tana da Musulmi da yawa. Akwai masallacin Juma'a na Cibiyar Musulunci ta Orlando a yankin Lake Buena Vista, kusa da Disney, kuma a titin Apopka-Vineland da International Drive akwai gidajen abincin 'yan Pakistan da Turkawa da Larabawa masu naman halal, a farashin gari. Da wannan tsari an rage kuɗi, an kiyaye addini, an kiyaye cikin yara, kuma babu wadda aka mayar kuku.

Na san niyyar Malam alheri ce, yana so ya sauƙaƙa wa magidanta. Amma shawarar da za ta sa a ƙwace wa mutum guzuri a filin jirgi, ta ci masa kwatan yininsa a hanya, ta kuma hana matarsa barci, ba sauƙi ba ce. Kirana ga duk wanda Allah ya hore wa wannan tafiya shi ne ya sa kuɗin abincin rana a cikin kasafinsa tun farko, tare da kuɗin jirgi da tikiti. Idan lissafin bai kai ba, gara a rage kwana ɗaya na wasa da a ɗora wa uwargida tukunya har ranar dawowa. Kafin kuma a yanke shawara, a tambaye ta.